Farin Zugun Yaya Tankari

Da kakar bana shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar yayana Tankari, masaƙin Kiyeshe. Ban rubuta ranar a takarda ba, ko da yake da aikin takarda na ci abinci. Gero ne ke tuna mini. Duk sa'ad da na ga an fara jera dammuna a bakin rumbu, sai in ce to, wata shekarar ta sake zagayowa. Sau goma sha ɗaya na yi masa addu'a na ja bakina na yi shiru. Bana na ce bari in gaya wa masu karatu ko wane ne shi, in kuma faɗi abin da na yi masa, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni ne autan ɗakinmu. Ni aka kama aka kai lakwal, makarantar Nasara, lokacin da aka ce kowane gida ya ba da yaro, na fito da bakin Faransanci, na zama tafinta a barikin Dogon Dutsi har furfura ta same ni a can. Yanzu na huta. Da hantsi ina zama a ƙofar gidana in ga kamyo, babbar motar kaya, na wucewa cike da mutane, wasu za su Ƙonni, wasu za su ƙetare zuwa ƙasar Ingilishi, ba wanda ya tsai da su ya ce ina takardarku sai dai a bakin iyaka, can ma ɗan tsayuwa ne. Nasara na nan bai tafi ba, amma aikin dole ya zama labari, kuma yaran yanzu har ƙuri'a suke jefawa. Kullum na ga kamyo ta wuce sai in tambayi kaina, da Yaya na zaune kusa da ni, me zai ce? Ina jin dariya zai fara yi, domin bai taɓa yarda da tafiyar da ba a ji ta a ƙafa ba. Bayan dariyar kuma, ban san inda zan sa idona ba.

Tankari mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya in an gama girbi. Kayan saƙarsa duka jaka ɗaya ce ta fata: allera, andira, ƙoshiya biyu, da ɗan sandan da yake naɗe abin da ya saƙa. Itacen kafawa kuwa ko'ina Allah ya yi daji akwai shi. Ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu, wanshekare za ka ga jakar a kafaɗarsa. Wata shekara ya bi ta Tibiri ya yi wata guda a Gesheme, wata shekara ya ƙetare ya sauka Argungu, ya gangara Jega. Duk garin da ya sami inuwa mai kyau da matan da ke da zare a ajiye, nan zai kafa itace huɗu ya zauna. Ba ya gaggawar komai. In an ce masa ga gari can gaba an fi biya, sai ya ce inuwar nan ba ta kore shi ba tukuna. Sai gajimaren farko ya bayyana sannan za mu hango shi yana tahowa, ya rame, ya yi baƙi, yana murmushi kamar wanda ya ci gado.

Abin da yake kawo mana tsaraba ba ya cika tafin hannu. Amma a kansa yana ɗauke da zanen saƙar kowane gari. Zai zauna ya fitar da luru, ya nuna maka da yatsa: wannan ratsin a Jega ya gan shi jikin wani tsoho, wannan jan a Argungu ya koya, wannan siririn kuma na wata Bafulatana ne da ta hana shi taɓa bargonta, ya yini yana bin ta da ido a kasuwa har ya ƙirga zaren. Tafiya mabuɗin ilmi, in ji mutane, amma ban taɓa ganin wanda ya mai da maganar sana'a kamarsa ba.

Matarsa Igge kuwa ita ce gwanar kaɗi ta unguwarmu. Zaren da take fitarwa daga mazari, in ka ɗaga shi a rana da ƙyar za ka gan shi. Su biyun sun yi wata shawara da ta ci musu shekara uku. Igge na zaɓen auduga mafi kyau daga gonar bayan gida, ta gurza, ta shiɓe, ta kaɗa, ba ta sayar da ko ƙulli ɗaya daga wannan zaren. Shi kuma da damina, in ya dawo gona da sauran rana, sai ya saƙa ɗan taƙi ya ajiye. A ƙarshen shekara ta uku suka sami farin zugu guda, isasshen babbar riga, lafiyayye, in ka shafa shi kamar ka shafa goshin jariri.

Niyyarsa ita ce ya kai zugun nan Kano da ƙafarsa, a tsoma shi a marina, a buge shi har ya yi sheƙi. Bai taɓa wuce Sakkwato ba. Fatake sun sha ce masa ya ba su su kai masa, ya ƙi. Ya ce shi ba baƙin riga kaɗai yake nema ba. So yake ya tsaya a bakin ramin, ya ga hannun da ke tsomawa, ya ji warin baba da hancinsa, ya san abin da ya sa nasu ke sheƙi namu ba ya yi. Ya sa ranar tashi bayan girbin shekarar nan. Har takalmin fata ya sa aka yi masa sabo.

A wannan kakar ce aka aiko a tara maza don aikin hanya. Ni nake karanta sunaye a biro, wato ofishin kumandan, sai na ga Tankari na Kiyeshe a ciki. Na ga yadda mutane ke dawowa daga fasa dutse: tafin hannu ya tsattsage, yatsu sun kumbura, wani ma ba ya dawowa. Na ce a raina, wannan hannun da ke ƙirga zare da ido ba zai riƙe guduma ba ina raye. Kuma in na faɗi gaskiya duka, akwai ɗan girman kai a ciki. Sabon tafinta ne ni, ina so Kiyeshe ta ji cewa maganata na shiga kunnen kumandan.

Ina da wani luru da ya saƙa mini lokacin aurena, mai ratsin Jega. Na ɗauko shi na shimfiɗa a kan bencina, daidai inda matar kumandan ke bi in za ta lambu. Dabarar ta ci fiye da yadda na so. Madam ta tsaya, ta shafa, ta juya bayansa, ta kira mijinta. Ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na buɗe baki na zuba: yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, babu kamarsa daga nan har bakin kogi, ga shi kuwa an sa shi cikin masu fasa dutse. Kumandan ya ɗauki alƙalami ya ja layi a kan sunan, ya ce daga gobe shi ne masaƙin bariki, a kafa masa wuri ƙarƙashin tsamiyar bayan biro.

Da la'asar na hau doki na tafi Kiyeshe, ina jin kaina kamar wanda ya ceto gari daga yaƙi. Na tarar da shi yana shafa wa jakarsa mai. Na gaya masa. Ya ajiye jakar, ya ɗago.

"Auta, har yaushe anka ce?"

Na ce ba a faɗi rana ba, amma ai ya fi guduma.

"Guduma tana da rana," in ji shi. "Wanga da kak kawo mini, ban ji ranatai ba."

Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina ga mutum an yi masa rana yana neman ya yi wa mutane dare. Igge ta miƙe. Ta ɗauki zugun da ta riga ta ɗaure don tafiya, ta mai da shi cikin tukunya ta rufe.

Waɗanda aka kai aikin hanya sun dawo kafin ruwan fari. Wasu da rauni, ɗaya da tari, amma sun dawo, sun yi shuka a gonakinsu. Yaya Tankari kuwa shekara tara ya yi ƙarƙashin tsamiyar nan. Garin neman gira na rasa masa ido.

Ba a ɗaure shi da igiya ba, kada wani ya ce na ƙara gishiri. Ana ba shi hatsi, ana ba shi zare, an ba shi ɗaki a gari ya kawo Igge. Abu ɗaya aka hana shi: kada rana ta fito ba ta same shi a bakin masaƙa ba. Madam ta ce labule, aka yi labule. Ta ce mayafin tebur, aka yi. Baƙo ya zo daga Yamai ya gani ya yaba, sai a ce a yi masa biyu ya tafi da su. Da kumandan na farko zai tashi, na ce Alhamdu lillahi. Ashe da ya zagaya da magajinsa yana nuna masa kayan bariki, sai da ya nuna rijiya, ya nuna lambu, ya nuna dawaki, sannan ya nuna tsamiya da wanda ke ƙarƙashinta. Ni na fassara. Haka aka miƙa yayana hannu zuwa hannu har kumandan huɗu.

Masu karatu za su ce, to me ya hana shi gudu? Iyaka ba ta kai tafiyar kwana biyu ba, kuma a shekarun nan ƙauyuka sukutum sun kwashe sun ƙetare. Abin da ya hana shi ni ne. Tun ranar farko kumandan ya nuna ni da yatsa ya ce, kai ka kawo shi, in ya ɓace kai za ka amsa. Wannan jimlar ban fassara wa Yaya ba, amma yatsa ba ya bukatar tafinta. Ya san ina da mata da 'ya'ya ƙanana, ya san abin da ake yi wa ma'aikacin da aka ce ya ci amana. Shi aka tsare, amma da ni aka ƙulle ƙofar.

Kowace kaka sai ya sa ni in roƙa masa takardar hanya, ta wata uku kacal. Kowace kaka amsar ɗaya ce: in ya gama wanda ke kai. Wa ya taɓa ganin masaƙin da ya gama, alhali kafin ya yanke wannan an ajiye masa zaren wancan? A shekara ta huɗu ya ce shi da kansa zai shiga biro. Ya tsaya gaban tebur, hularsa a hannu, ya ce mini, "Hwaɗa mishi ni ba dokinai ba na. Doki ma ana kwance shi shi sha iska." Na dubi kumandan, na dubi gardin da ke tsaron ƙofa da bulalarsa, na ce da Faransanci: yana godiya da alherin da ake yi masa, yana roƙon ɗan hutu in an sami hali. Kumandan ya yi murmushi, ya sa aka ba shi gishiri da sukari. Da muka fito Yaya ya dubi ƙullin da ke hannunsa ya dube ni. "Zagi bai sayen sukari, Auta," ya ce, ya miƙa mini ƙullin. Na fi son da ya mare ni.

Daga baya na kawo masa wata dabarar, domin ni dai ban gaji da dabara ba. Na ce ya riƙa ɓata aiki, ya saki zare, ya karkata ratsi, in sun ga hannunsa ya lalace za su sallame shi da kansu. Ya ce zai gwada. Da safe na leƙa na ga ya saƙa kamu biyu na abin da ko makoyi ba zai nuna wa uwarsa ba, na yi murna. Da azahar na dawo na tarar da shi yana warwarewa zare ɗaya-ɗaya, gumi na zuba. Ya ce Igge ta yi kwana ashirin tana kaɗa wannan zaren, ba zai iya mai da shi tsumma ba don a ce ya iya ƙarya. Ranar na gane cewa ko an buɗe ƙofar bariki, akwai wani mai tsaro zaune cikin yatsunsa.

Wanda bai san saƙa ba, bari in gaya masa abu biyu. Kafin a hau masaƙa sai an yi wadari: a kafa turaku a ƙasa nesa da juna, masaƙi ya riƙe zare ya yi ta kai da komowa tsakaninsu har ya jera tsawon da yake so. In an gama sai a ɗaure ƙarshen zaren a jikin wani dutse da ake kira kunkuru, a ajiye shi can nesa. Masaƙi na zaune yana saƙa yana naɗewa, dutsen na jan ciki yana matsowa. Yaya ya taɓa ce mini, cikin wasa mai ɗaci, a duk barikin nan dutsensa ne kaɗai ke tafiya kullum ba a tambaye shi takarda ba.

Wadarin nan shi ya zama tafiyarsa. A shekara ta biyar na lura ya fara kafa turakunsa nesa fiye da yadda aiki ke bukata, ɗaya a gindin tsamiya, ɗaya can bakin garken dawaki. Yana tafe da zare a hannu, sabon takalmin nan a ƙafarsa, bakinsa na motsi. Gardawan bariki suka fara raɗa cewa doguwa ta shafe shi. Ba doguwa ba ce. Ƙirga taku yake yi. Ya san yawan takun da ke tsakanin Kiyeshe da Argungu, domin ƙafarsa ta auna su sau da yawa. In na je gaishe shi da yamma sai ya ce, yau ya kwana Argungu, ko kuwa jibi in Allah ya so zai shiga Sakkwato. Abin da ke gaba da Sakkwato kuma, ranar kasuwa yake tare fatake ya tambaye su zango-zango: daga nan zuwa Mafara yini nawa, ina ake samun ruwa, Gusau tudu ce ko kwari. Ya haddace hanyar da bai taɓa takawa ba har ya fi jakunan da ke bin ta.

Sau uku, a lissafinsa, ya isa bakin ganuwar Kano a cikin filin barikin nan. Sau ukun kuma bai shiga ba. Na tambaye shi, tun da ka sha wannan wahala, me zai hana ka ƙarasa marinar? Ya ce, "Ba a shiga Kano da wadari. Zugu na cikin tukunya, mi za ni nuna musu?" Wanshekare sai ya juya, ya fara ƙirgo hanyar gida.

Jiya na shiga kanti na ga atamfa jere har rufi, kowace da furanninta, an ce inji ke fitar da ita kamar ruwan sama. Matan gari sun ajiye mazari, 'yan mata ma ba su san ta wane gefe ake riƙe shi ba. Na tsaya ina tunani, da yanzu ne, da ba wata Madam da za ta tsaya kan luruna. Da ta wuce ta aika kanti, da Yaya ya yi wata ukunsa a hanya ya dawo ya ɗauki jakarsa. Watau abin da ya kashe sana'arsa shi ne da ya 'yanta shi. Ban san ko zai yi murna da wannan ko zai yi kuka ba. Abin da na tabbata, zai ja gefen atamfar ya ɗaga ta a rana, ya ce wannan ba ta san hannun kowa ba, sannan ya tambayi mai kanti daga wane gari ta fito, kuma kwana nawa ne a ƙafa.

Lokacin babban yaƙin Nasara aka rufe iyaka ruf, maganar takarda ma ta mutu. A cikin shekarun nan ne zuciyata ta kasa ɗauka. Wata Juma'a bayan masallaci na ja shi gefe na ce, Yaya, ka tafi. Ka ɗauki Igge da zugunka ku bi ta daji, abin da zai same ni ya same ni. Ya dube ni da kyau, ina jin ranar ce ya yafe mini, ko da yake bai faɗa ba. Ya ce da na faɗi haka a shekarar farko da ya tafi, domin lokacin yana fushi da ni. Yanzu kuwa ɗiyata ta fari ta saba zuwa ta zauna kusa da Igge tana koyon kaɗi, ba zai sayi Kano da hawayenta ba. Ya gyara hularsa ya koma gindin tsamiya.

Sakin da muka yi shekara tara muna roƙo, da ya tashi zuwa, ko roƙo bai jira ba. Aka kawo wani sabon kumandan, saurayi marar mata, wanda bai damu da labule ba. Kwanansa uku ya leƙa ta taga ya ce mini, wane ne tsohon can da ke kai da komowa da zare? Na gaya masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya tafi gidansu mana, me yake jira? Na ce yana son takardar hanya zuwa Kano. Ya sa hannu a tsaye, bai ko zauna ba. Na fito da takardar nan a hannu. Shekara tara, ashe abin bai fi ɗigon tawada ba.

Farkon damina ne. Yaya ya karɓi takardar, ya sa Igge ta ɗinke ta cikin fata kamar laya, ya ce bayan girbi. Suka koma Kiyeshe. Amma rijiya ta bayar, guga ya hana. Mutumin da ya yi shekara tara yana tafiya a fili mai laushi, ya koma gona ya tarar gwiwoyinsa ba nasa ba ne. Ƙafafun suka kumbura, tari ya biyo baya. Duk da haka ya sa aka fito da jakar fatar aka shafa mata mai, aka rataye ta inda zai riƙa ganinta daga shimfiɗa. Na je duba shi ana cikin yankan gero. Ya ce in leƙa rumbu in gaya masa saura dami nawa a shigar. Na ce kaɗan. Ya ce to madalla. Bai kai ga na ƙarshen ba.

Da aka zo shirya shi, na aika a sayo farin yadi a kasuwa. Igge ta ce a tsaya. Ta shiga ɗaki ta buɗe tukunyar nan, ta fito da zugun, fari fat kamar ranar da aka yanke shi daga masaƙa. Ta ce, "Da ya kai shi Kano da bai yi wanga aiki ba. Tun da bai kai ba, shi tahi da abinai." Mata suka zauna suka haɗa. A cikin rigar da ya yi shekara goma sha biyu yana jiran a rina masa muka sa yayana a ƙasa, ba a rina ba. Na ga maza da yawa sun juya fuska a bakin kabarin nan, ni kuwa ban ma iya juyawa ba.

Ƙyalle ɗaya ya ragu, bai fi kamu uku ba. Igge ta naɗe shi ta sa mini a hannu tare da layar takardar, ban tambaye ta ba, domin na san abin da ake nufi.

To, me ya rage na Tankari a duniya? Labulensa da mayafansa suna can ƙasar Faransa a gidajen da ba a san sunansa ba. Ratsin Jega da na Argungu sun tafi tare da shi, don bai sami sukunin koya wa kowa ba. Dutsensa na nan a bayan biro, gardawa na wasa wuƙa a kansa. Lurun da ya jawo masa wannan duka yana kan gadona, ban iya rufa da shi, ban kuma iya bayar da shi. Ɗiyata, wadda ya ƙi sayen Kano da hawayenta, tana Tibiri da 'ya'yanta huɗu, kuma ita kaɗai ce a unguwarsu ke kaɗi har yau. In an ce in zaɓi abin da ya fi dawwama, ita zan nuna: ta tashi da ubanta a gida, ba ta ga ranar da za a zo a tafi da shi ba, domin wani ya zauna gindin tsamiya ya biya mata wannan da ƙafafunsa.

Saura ƙyallen. Yana cikin akwatina shekara goma sha biyu. Yau ba kumandan da ya hana ni, ba aikin da ya riƙe ni, kamyo kuma na tsayawa ƙasa da taku ɗari daga ƙofata. Kowace kaka nakan fito da shi in ce bana zan kai shi, in sauka nesa da ganuwa in shiga da ƙafa, in tsaya a bakin ramin in ji warin baban a madadinsa. Kowace kaka kuma sai in ji kunyar in shiga garin da na hana shi shiga, in mai da shi in rufe. Da na sani ƙeya ce, amma tawa ta zagayo ta zauna mini a bakin ƙofa.

Shekaranjiya na je Kiyeshe na gai da Igge. Ta tsufa, idon ya yi rauni, amma mazari na hannunta, tana kaɗa zaren da ba mai saƙa shi. Na ce mata bana kam na ɗaura niyya, har zan rubuta a jarida don kunyar mutane ta tura ni. Ba ta tsai da mazarin ba.

"Bara ma haka kac ce, Tafinta," ta ce. "Shi dai an tsare shi. Kai wa ya tsare ka?"

Na dawo gida na buɗe akwati. Ƙyallen na nan fari. Allah ya jiƙan Yaya Tankari, ya buɗe masa ƙofar da ba a tambayar takarda.